RA'AYI: Mai haƙuri yakan dafa dutse: Jan kunne ga masu sayen tankin kifin teku a Abuja

Wani abokina mataimaki na musamman ne ga wani babban mutum a nan Abuja. A watan Maris ɗin bara maigidan nasa ya dawo daga Dubai, inda ya ga katafaren tankin kifin nan da ke cikin babbar kasuwar zamani ta birnin, ya kuma dawo da umarni guda: a kafa masa ƙaramin irinsa a ɗakin jiran baƙi kafin Juma'a, domin yana da manyan baƙi. Abokin nawa bai taɓa kiwon ko tarwaɗa ba, amma duk wanda ya san aikin hadimi ya san ba a ce wa Yallaɓai "ban iya ba". Ya nemo dillali, aka yi ciniki. Zuwa yammacin Alhamis ga akwatin gilashi mai cin lita 300 a tsaye, an shimfiɗa farin yashi, an jera duwatsu, an kunna shuɗiyar fitila, an saki kifaye 12 masu launi kamar daga marina aka tsamo su. Ranar Juma'a baƙi suka yi ta ɗaukar hoto, Yallaɓai ya yi ta murmushi.

Bayan kwana 10 abokin ya kira ni da dare, muryarsa a dame, saboda ya san ina da ƙaramin tanki a gida. "Malam, kifaye biyu kaɗai suka rage," in ji shi. "Kuma an ce mai shara ne ya fesa maganin sauro a ɗakin. Gobe za a sallame shi."

Na roƙe shi ya dakatar da maganar sallamar har sai mun auna ruwan. Washegari muka ɗiga maganin gwaji a ƙaramar kwalba, launin ya nuna abin da na yi zato. Ruwan cike yake da amoniya. Mai shara ba shi da laifi. Kifayen sun mutu ne cikin dattin jikinsu, a cikin ruwan da aka zuba su tun bai shirya karɓar mai rai ba.

Abin da nake son faɗa a wannan rubutu shi ne, tankin ruwan gishiri ba ya cikin jerin kayan ƙawa da ake sayowa tare da labule da kujeru. Raino ake yi, kuma rainon yana da lokacinsa da kuɗi ba ya gajarta shi. Wanda ba zai iya zuba wa akwatin duwatsu ido na tsawon makonni babu ko kifi ɗaya a ciki ba, gara ya haƙura da sha'awar tun kafin ya ɗauki alhaki. Ni kaina ban faɗi haka don na fi kowa ba. Kifayena uku na farko, shekara uku da suka wuce, da hannuna na kashe su ta irin wannan gaggawar.

Abin da sabon shiga bai sani ba shi ne, halittar farko da ake kiwo a tanki ba ta ganuwa da ido. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin da yake shaƙar iska a gefen kansa, kashinsa da ragowar abincinsa su ma suna ruɓewa su zama amoniya. A cikin teku wannan ba komai ba ne, faɗin ruwa ya shanye shi. A cikin akwatin gilashi kuwa taruwa yake yi, yana ƙona kifi daga wurin numfashinsa. Abin ya fi muni a ruwan teku, domin ruwan ya fi karkata ga ɓangaren kanwa fiye da tsami, ma'auninsa na pH tsakanin 8.1 ne da 8.4, kuma a irin wannan ruwan kason amoniya mai dafi ya fi yawa.

Masu ceto su ne wasu ƙwayoyin bakteriya da ke maƙalewa a jikin dutse da yashi. Wani rukuninsu yana juya amoniya ta zama naitirait, wani rukunin ya juya naitirait ya zama naitiret, wanda kifi ke iya jure wa matsakaicinsa, ana kuma rage shi ta hanyar canza wani kaso na ruwan. Tun wajajen 1890 masanin ƙananan halittu Sergei Winogradsky ya bayyana yadda waɗannan ƙwayoyi ke aikinsu. Matsalarsu ɗaya ce, ba su da sauri. Akwai bakteriyar da ke ninka kanta cikin minti 20 idan ta samu wuri mai daɗi, amma waɗannan sukan kwashe sa'o'i masu yawa, wani lokaci yini guda cur, kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa sabon tanki kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya ɗaukar nauyin ko kifi biyu.

Yadda ake yi ba shi da wuya. A haɗa ruwa, a jera dutse, a kunna famfon da ke motsa ruwan, sannan a ba ƙwayoyin abinci: ɗigon amoniya ko ɗan yankin jatan lande da za a bari ya ruɓe. Daga nan sai awo duk bayan kwana biyu ko uku, ana rubutawa. Za a ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya hau ya sauka, naitiret ya bayyana. Ranar da biyun farko suka koma sifili, ranar ce aka sami izinin sayen kifin farko. Akwai bakteriyar kwalba da ake sayarwa, tana kuma taimakawa wajen rage kwanaki, amma ba ta ɗauke wa kowa wajibcin awo ba. Kwalbar gwaji ce ke ba da izini, ba dillali ba, ba kuma ranar zuwan baƙi ba.

Akwai wani abin da ya ba ni dariya lokacin da na fara karatu a kan wannan sha'awa. Masu kiwon kifin teku a Turai da Amurka suna da wata al'ada ta ɗaukar tsohon dutsen tanki su zuba shi a babban bokiti mai ruwan gishiri, su rufe shi cikin duhu na makonni ko watanni, suna canza ruwan, har duk dattin da ya shiga ramukansa ya fita. Sunan da suka ba wannan aiki a harshensu shi ne dafa dutse, alhali ko wuta ba a hurawa. Bahaushe ya riga su faɗa: mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Sai dai a kiyaye, kada wani ya ɗauki maganar a zahirinta ya ɗora dutsen teku a kan murhu. Wasu ƙananan halittu masu kama da fure da ke zama a jikin irin wannan dutse suna ɗauke da guba mai tsanani, kuma tururinta ya sha kwantar da mutane a asibiti a ƙasashen waje.

Sai batun ruwan kansa. Abuja tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, don haka duk mai tanki a nan shi zai haɗa tekunsa da hannunsa. A kowane kilo ɗaya na ruwan teku akwai kimanin giram 35 na gishiri, kuma ba gishirin miya kaɗai ba ne. Akwai wasu ma'adanai da dama a haɗe, waɗanda halittun teku ke gina ƙashi da ɓawo da su. Dole a sayi gishirin da aka haɗa musamman don wannan aiki, a kuma mallaki ƙaramar na'urar auna gishiri. Ruwan famfo da ke zuwa mana daga madatsar Usuma an tace shi ne don shan ɗan Adam, an sa masa kilorin don kashe ƙwayoyin cuta, kuma kilorin ba ya bambance mugun bakteriya da wanda muke lallaɓawa. Ruwan rijiyar burtsatse kuma yakan zo da sinadaran da ke zama taki ga gansakuka. Mafita ita ce mataci na musamman, irin wanda masu sarrafa ruwan leda ke amfani da shi, amma ƙarami.

Akwai kuskuren da hunturu ke jawo wa sabon shiga. Idan iska ta bushe, ruwan tanki yakan ragu kullum. Mutum ya ga ruwa ya ja baya, sai ya haɗa ruwan gishiri ya cike gurbin. Ya manta cewa ruwa ne kaɗai ke tashi sama, gishirin yana nan. Bayan 'yan makonni sai tankin ya fi teku gishiri, kifaye su fara sheƙa. Abin da ya tashi da kansa da tataccen ruwa mara gishiri ake mayar da shi. Ruwan gishiri kuwa sai ranar canji, inda ake kwashe kamar kashi 10 cikin 100 duk mako a zuba sabo.

To, a ce mutum ya yi haƙurin makonni shida, ya saki kifi biyu, suna lafiya. Jarrabawa ta biyu tana gaba, kuma ita ce ta fi kayar da mutane. Farin yashin nan da aka saya da tsada zai wayi gari ya koma ruwan ƙasa, kamar an barbaɗa masa ƙurar hunturu. Wasu ƙananan halittu ne da ke rayuwa a kan sinadarin da sabon yashi da sabon dutse ke saki. Idan suka cinye abincinsu za su ja baya da kansu. Bayansu sai koriyar gansakuka mai kama da gashi ta kama duwatsu, wani lokaci kuma wani jan yauƙi ya lulluɓe yashi. Masu wannan sha'awa suna da suna ga wannan lokaci, suna kiransa zamanin muni, kuma kusan kowane tanki sai ya ratsa shi.

A nan ne mai gida ke shigowa ya ce, "Wannan wace irin ƙazanta ce? A wanke shi tas." Sai a kwashe duwatsu a goge da buroshi a ƙarƙashin famfo, a zubar da ruwa, a zuba sabo. Tanki ya yi ƙal, bakteriyar da aka yi wata biyu ana reno ta mutu, an koma ranar farko ba a sani ba. Maganin zamanin muni shi ne rage abinci, rage sa'o'in fitila, cire gansakuka da hannu, sa 'yan katantanwar teku su yi kiwo, da ci gaba da canza ruwa kaɗan-kaɗan. Sauran aikin na lokaci ne. Masu dogon hannu a harkar sukan ce sai tanki ya yi wata 6 zuwa shekara guda kafin a kira shi balagagge. Alamominsa ba sa ɓuya: wani ɓawo mai launin shunayya ya fara yaɗuwa a kan duwatsu, idan ka haska tocila da dare ka ga ƙananan halittu kamar ƙwayar gero suna yawo a jikin gilashi, awon ruwa kuma ya daina hawa da sauka. Sai a lokacin ne ake maganar murjani mai rai.

Ko kifin ma ba a zuba shi gaba ɗaya. Bakteriya tana ƙaruwa ne daidai da dattin da take samu, don haka ɗaya ko biyu ake ƙarawa, a jira makonni, a auna, sannan a ƙara. Kowane sabon kifi kuma ya kamata ya yi kimanin wata guda a wani ƙaramin tanki na daban. Mun san killacewa tun zamanin korona, dalilin ɗaya ne. Akwai wata cuta mai fito wa kifi da fararen ɗigo kamar an yayyafa masa gishiri, idan ta shiga babban tanki tana iya gamawa da kowa. Maganinta da aka fi sani na ɗauke da jan ƙarfe, wanda ke kashe murjani da katantanwa da jatan lande, don haka ba a iya zuba shi a babban tankin. Rigakafi a nan ya fi magani nesa ba kusa ba. Sannan kada sabon shiga ya ɗauka ƙaramin tanki ya fi sauƙi. Kuskure kaɗan a lita 30 masifa ne, a lita 200 kuwa ruwan yakan shanye shi kafin a farga.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya shafi mai tanki a ko'ina cikin duniya. Mu a Abuja muna da ƙarin jarrabawa biyu: wuta da zafi. Ruwan gishiri ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe ta kamar mai sanyi. Famfon da ke motsa ruwa shi ne huhun tanki. Idan ya tsaya na wasu sa'o'i a rana mai zafi, kifaye za su taso sama suna haki, bakteriyar ma ta fara mutuwa. Kowa ya tuna yadda babban layin wutar lantarki na ƙasa ya yi ta faɗuwa a 2024. Kifin da ke zaune a tsakanin murjani yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 26, alhali a watan Maris zafin rana a Abuja yakan haura digiri 35. A ƙasashen sanyi damuwarsu na'urar ɗumama ruwa ce, mu tamu damuwar ta sanyaya shi ce. Murjani ya fi kifi rauni a wannan fanni. Ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin da ya saba, idan ya ɗore na makonni, yana sa shi ya yi fari fat ya kama hanyar mutuwa, abin da ya faru a tekuna da dama har hukumar kula da tekuna ta Amurka ta ayyana annobar a matsayin ta duniya baki ɗaya a watan Afrilun 2024.

Yanzu a auna wannan da rayuwar ofis. Ranar Juma'a da yamma ana kashe janareta, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a kulle ƙofa sai Litinin. Idan hutun Sallah ko na Kirsimeti ya haɗu da ƙarshen mako, kwana huɗu ko biyar ke nan. Wa zai ciyar, wa zai cike ruwa, wa zai ji idan famfo ya yi shiru? Wata Baturiya mai suna Anna Thynne, wadda ta riƙe murjani da rai a gidanta a Landan na kusan shekara uku tun daga 1846, ba ta da wutar lantarki ko kaɗan. Da hannu ake ɗiban ruwan ana sheƙa shi daga wannan mazubi zuwa wancan domin iska ta shige shi. Abin da take da shi, wanda yawancin ofisoshinmu ba su tanada ba, shi ne mutumin da aikin ke wuyansa kullum. Don haka kafin a biya kuɗin gilashi a fara tanadar inbata ko sola da aka keɓe wa tankin, da ƙaramin famfon iska mai batir, da sunan wanda zai zo ranar Asabar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wani zai ce: kuɗina ne, idan sun mutu in sayi wasu. Amsata ita ce a duba inda kifin ya fito. Kifin ado na ruwan daɗi mafi yawansa a gona ake haifarsa, amma nau'o'in kifin teku masu yawa har yau daga teku ake kamo su, musamman a Indonesiya da Filifin. An daɗe ana kokawa da masu fesa gubar sayanayid a ramukan murjani don kifi ya suma a kama shi cikin sauƙi, gubar da ke kashe murjanin, ta kuma bar kifin da ciwon da zai kashe shi bayan ya isa gidan mai saye. Akwai wani ɗan kifi mai ratsin baƙi da fari da asalinsa tsibiran Banggai ne kawai a Indonesiya, wanda yawan kama shi don ado ya sa aka saka shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa a 2007. Murjani mai ƙashi kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke cikinta, ba a ƙetara iyaka da shi sai da takarda. Kifin da ya baro tekunsa, ya kwana a leda cikin jirgin sama, ya iso Abuja da rai, bai cancanci ya mutu cikin mako guda don kawai a burge baƙi ba. Abin farin ciki shi ne akwai zaɓi. Kifin nan mai ruwan lemo da fararen ratsi, wanda fim ɗin yara na Finding Nemo ya yi wa suna a 2003, an daɗe ana hayayyafa shi a gonakin kifi, yana da juriya, kuma shi ya fi dacewa da mai koyo. A tambayi dillali: na gona ne ko na teku?

Wani kuma zai ce, ana fama da tsadar shinkafa da kuɗin mota, wa ke da lokacin kifin ado? Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake rubuta wa ma'aikata da hadimai. Wanda ya sayi tanki da guminsa, tsakaninsa da aljihunsa ne da kuma alhakin abin da ya tsare. Amma idan daga asusun ofis kuɗin zai fito, to ya zama maganar jama'a. Mun saba da wannan hali a manyan abubuwa: a ware kuɗin saye, a manta da kuɗin kulawa, a yanka kyalle a ɗauki hoto, bayan shekara a tarar da abin ya zama kango, a nemo ƙaramin ma'aikaci a ɗora masa laifi. Tankin kifi ƙaramin madubi ne na wannan hali, bambancinsa kawai shi ne yana nuna sakamakon cikin kwana 10.

Shawarata ga duk hadimin da aka ba irin wannan umarni ita ce ya faɗi gaskiya cikin ladabi tun ranar farko. "Ranka ya daɗe, za a iya kafa gilashin a wannan makon, amma kifi sai bayan wata ɗaya da rabi, kyansa na sosai kuma sai baɗi. Ga abin da zai riƙa ci duk wata, ga wanda zai kula da shi." Idan Yallaɓai ya amince, madalla. Idan ya ce shi lallai sai Juma'a, a ba shi shawarar tankin ruwan daɗi mai tsirrai da 'yan kifaye kaɗan masu juriya, wanda shi ma yana son reno amma ya fi yafiya, ko kuma a rataya masa kyakkyawan hoton teku. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abokina ya yi ƙarfin halin kai wa maigidansa kwalbar gwajin nan da bayaninta. Ba a sallami mai sharar ba. Aka canza ruwa, aka bar kifaye biyun da suka tsira su kaɗai, aka sayo inbata. Tankin ya yi muninsa na wata uku, har Yallaɓai ya so a fitar da shi, aka ba shi haƙuri. Da na leƙa ofishin kwanakin baya na tarar da shunayyan ɓawo ya rufe rabin duwatsun, kifaye biyar suna kai da komo. A gefen tankin akwai wani ƙaramin littafi da ake rubuta awon gishiri da zafin ruwa kowace safiya, har da Asabar da Lahadi. Rubutun mai sharar ne.